Jawabin Shugabar Mata Ga 'Yan Uwa Mata Na Jam'iyya: Mun Cika Filin Taro, Mun Bar Rumfar Zaɓe Wayam

 

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu da na akwatuna, ina gaishe ku da ƙoƙari. Wannan ita ce maganar da na yi a zamanmu na jiya. Na sa an rubuta ta saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Don Allah wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Yau ba yabo na zo yi ba, kuma da kaina zan fara. Lokacin kamfe na 2023, daga mazaɓarmu kaɗai mun cika motoci da mata zuwa filin taro. Mun sha anko, mun yi guɗa har muryata ta dushe. Ranar zaɓe kuwa ina rumfa tun da sassafe har aka rufe, ina ta baza ido in ga fuskokin nan da muka shiga mota tare. Wallahi da yawa ban gan su ba. Da na bi gida-gida bayan kwana biyu, wata ta ce girkinta ne ranar, wata ta ce katinta na garinsu tun kafin a kawo ta gidan miji, wata ta ce maigida ya ce ba inda za ta. Wata baiwar Allah kuma ta dube ni ta ce, “Hajiya, ai an riga an rubuta wanda zai ci, wahalar me zan sha?”

Ba mu kaɗai ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar hukumar INEC, sama da miliyan 87 sun karɓi katinsu, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Wato a cikin kowane mutum huɗu, kusan uku suna gida. A 2019 wajen kashi 35 cikin ɗari ne suka fito, a 2023 aka faɗo wajen kashi 27. Kullum baya muke yi. Na san an sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi a lokacin, wasu ko na mota ba su da shi, amma raguwar ta faro tun kafin nan. Kuma mu mata mun kusa rabin wannan rajista. Rabi fa!

To bari in dawo kan mai cewa an riga an rubuta. Ba zan ce muku ba a maguɗi ba, ni ba baƙuwa ba ce a harkar nan. Amma ku tambayi duk wadda ta taɓa zama wakiliyar jam'iyya a akwati: inda mutane suka fito da yawa, suka tsaya aka ƙirga a gabansu, wakilai suka sa hannu a takardar sakamako, taɓa wannan akwatin yana da wuya. Rumfar da aka watse aka bari, ita ce ɓarawo ke so. Zamanki a gida ba hukunta kowa kika yi ba, sauƙi kika yi masa. Kuma ku tuna zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019. Jiha guda, kowane ɓangare da ƙuri'a sama da dubu ɗari biyar, amma tazarar da ta raba su 342 ce kacal. Matan da ke zuwa walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu sun fi haka yawa.

Akwai kuma masu cewa, “Mun zaɓe su, me suka yi mana?” Wannan maganar ba zan ƙaryata ta ba, don ni ma ina cefane, na san yadda kwanon masara ya koma. Har a cikin jam'iyyarmu akwai waɗanda ba sa tuna lambar wayata sai zaɓe ya matso. Amma ku lura da yadda ɗan siyasa ke lissafi. Bayan zaɓe yana zama da sakamakon akwati-akwati, ya ga inda aka fito da inda ba a fito ba. Idan na je neman a gyara mana asibitin sha-ka-tafi, ko a kawo ungozoma mai kwana, abin da ake fara dubawa shi ne ƙuri'a nawa unguwar ta kawo. Sau nawa ina jin kunya a irin wannan zama! Ina roƙo da baki, takarda tana ƙaryata ni.

Mu ma shugabanni da laifinmu. Mun saba wa mata da taliya, sabulu da turmin atamfa, har wasu suka ɗauka idan ba a raba komai ba to babu zaɓe. Taliyar kwana biyu, mulkin shekara huɗu. Wadda aka ba ta, ban ce ta mayar ba, halin da ake ciki ya wuce haka. Amma kada rashin samu ya zaunar da ke a gida.

Wani abu da yaranmu 'yan mata ba su sani ba: wannan ƙuri'ar da muke wasa da ita, kakanninmu ba su da ita. A zaɓen 1959, mata a Kudu sun yi zaɓe, matan Arewa an hana su. Sai a 1976 aka ba mu dama, muka shiga babban zaɓe na 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar mata ta NEPU, ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a kan mace ta samu bakin magana. Allah Ya jiƙanta. Yau ga kati kyauta, amma a majalisar dattawa mai kujeru 109 matan da suka shiga bayan zaɓen 2023 ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Wa zai tashi ya yi maganar mai naƙuda da ta rasa jini?

Saboda haka aikin da nake so mu fara, ba sai an buga gangar siyasa ba. Kowace shugabar akwati ta ɗauki littafi ta shiga gidajen layinta. Wace ce ke da kati, wace ce nata ya ɓata, wace yarinya ce ta cika shekara 18 ba ta yi rajista ba? Amaren da aka kawo daga wani gari su ne suka fi ba ni tausayi, ba su san ana iya mayar da rajista zuwa rumfar da ke kusa da gidan miji ba. Idan hukuma ta buɗe rajista, mu raka su ofishinta na ƙaramar hukuma. Ba a biyan ko sisi.

Maganar mazaje kuma, a bi ta da ladabi. Kada ki bari sai daren Juma'a ki ce gobe za ki fita. Ki nemi izini tun da wuri. Inda aka samu mai tauri, a faɗa mini, zan tura dattijuwa ko mu roƙi shugaban mazaɓa ya same shi, namiji da namiji. Da yawansu tsoron rigima da cakuɗuwa da maza ne ke sa su hana, to a sanar da su cewa a wurarenmu ana yin layin mata daban, kuma ƙa'idar hukuma ce a fara sallamar mai ciki, mai goyo, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Girki a yi shi da asuba. Yara a haɗa su gida ɗaya wajen wata tsohuwa da ta riga ta jefa tata, a yi karɓa-karɓa kamar yadda muke yi ranar biki.

Nan da zama mai zuwa ina son kowace mazaɓa ta kawo mini littafinta, da sunan gida da adadin masu kati da marasa kati. Kada a ɗauki hoton katin kowa, kuma kada a karɓi katin kowa a ajiye, laifi ne, katin mace ya zauna a hannunta. Wadda ba ta da kuɗin littafi ta yi wa sakatariya magana.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.