Tabon Matsi a Jikin Hoto: Rigakafi Ya Fi Magani



Batun da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido, amma ya shafi duk wanda ke riƙe da waya a cikinmu. Sau da yawa hoton da aka ɗauka tangaran, idan ya bi ta hannu uku ko huɗu, sai ya koma dishi-dishi, fuska ta yi dabbare-dabbare, gefen rubutu ya yi hazo. Wannan aibi shi muke kira tabon matsi.

Da farko ya kamata mu san asalinsa. Yawancin hotunan da muke musaya suna cikin tsarin JPEG, wanda wani kwamitin masana na duniya ya fitar a 1992. Lissafin da aka gina shi a kai kuwa, wani injiniya haifaffen Indiya, Nasir Ahmed, tare da abokan aikinsa biyu ne suka buga shi a Amurka a 1974. Na'ura takan yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance, wato ɗigo 64. A cikin kowane gida sai ta riƙe babban fasali, ta zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido bai cika lura da su ba. Da haka nauyin hoto kan ragu kamar sau goma ba tare da an ankara ba. Amma idan matsin ya yi tsanani, sai iyakokin gidajen nan su bayyana. Abin lura shi ne, abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka gyara hoto aka sake adana shi a wannan tsari, an sake zubar da wani abu ke nan.

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa? Mu dubi gida. Aliero ta yi suna da noman albasa. Idan manomi ya ɗauki hoton ganyen da ya fara ɗigo-ɗigo ya aika wa malamin gona, matsi zai iya shafe ainihin ɗigon cutar, ko ya ƙago wanda babu. Ɗan kasuwar Jega da ke tura wa mai saye hoton atamfa, launi da ƙananan zane su ne jarinsa, su ne kuma matsi ke fara ci. A gidajen Maiyama, kamar sauran garuruwanmu, akwai tsofaffin hotunan kakanni waɗanda kwafi ɗaya tak ya rage. Idan takardar ta lalace, abin da muka adana a waya shi kaɗai jikokinmu za su gada.

Saboda haka muke ba da shawarwari biyar.

Na ɗaya, a ajiye hoton asali, kada a taɓa shi. Kwafi ake gyarawa.

Na biyu, muddin ba a gama gyara ba, a riƙa adana aikin a tsarin da ba ya zubar da kome, kamar PNG ko TIFF. Sai an kammala a fitar da JPEG sau ɗaya, a sa ma'aunin inganci wajen 90 bisa 100.

Na uku, idan an ƙayyade nauyin hoto, kamar hoton fasfo na rajistar makaranta, a fara rage tsawonsa da faɗinsa. Ƙaramin hoto mai tsabta ya fi babba mai tabo.

Na huɗu, a aika muhimmin hoto ta WhatsApp a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba takan sake matse shi. Haka kuma a guji ɗaukar hoton fuskar waya a maimakon neman hoton asali.

Na biyar, idan hoto ya riga ya zo da tabo, a fara lallashe tabon kaɗan-kaɗan kafin a ƙara masa kaifi ko haske, domin ƙarin kaifi fito da tabo yake yi.

Akwai kuma gargaɗi. Manhajojin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira suna iya mayar da hoto mai dishi-dishi fes. Amma ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, kintace suke yi. Sukan ba dattijo idon da ba nasa ba, su share masa tsagen fuska domin sun ɗauka tabo ne. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Wanda zai yi amfani da su, ya ajiye na asali a gefe, ya kuma faɗa wa jama'a cewa wannan gyararre ne.

'Yan'uwa, mu da aka tura makaranta mu ake miƙa wa waya a gida a ce mu gyara. Amana ce a hannunmu. Idan muka koma hutu, mu nemi tsofaffin hotunan gidajenmu, mu kwafe su da kyau, mu rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun masu sanin su na raye.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.