Inuwar Kasuwa: Jawabi a Kan Dasa Bishiyoyin Tsakiyar Gari da Renonsu

Shugabannin kasuwa, iyayenmu maza da mata, masu rumfuna da ƴan tireda, masu dako da masu talla, da baƙinmu da suka tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa domin cin kasuwa a nan Maraɗi, barkanku da zuwa. Na gode da kuka bar kayanku kuka ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

Kun saba jin ma'aikacin lafiya yana magana a kan allurar rigakafi, ko gidan sauro, ko wanke hannu. Yau a kan bishiya zan yi magana, wadda wasunmu ke kira icce, musamman wadda ke tsaye a bakin titi da ƙofar rumfa a tsakiyar gari. Wani zai ce wannan ai aikin ma'aikatan gandun daji ne. Haka ne, amma idan bazara ta kai tsakiya, mu ake kawo wa waɗanda rana ta kayar, shi ya sa maganar ta shafe mu.

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A cikin kasuwa kuwa abin ya fi haka tsanani a jikin mutum. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafi tun hantsi, su riƙe shi, su dinga fesowa har bayan magariba. Shi ya sa za ka ga mutumin ƙauye ya shigo birni yana cewa ranar nan ta fi tasu zafi. Rana ɗaya ce, abin da ta sauka a kai ne ya bambanta.

Jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa. Idan gumi ya yi ta zuba ba a mayar da ruwan da ya fita ba, sai ciwon kai da jiri da kasala su biyo baya, tsokar ƙafa ta dinga ɗaurewa, fitsari ya ragu ya yi duhu. Idan aka ci gaba da zama cikin ranar, jiki na iya kasa sanyaya kansa gaba ɗaya: mutum ya yi zafi rau, ya rikice, ya yi surutai, ko ya suma. Wannan yana kisa. Wanda ya kai haka a ɗauke shi zuwa inuwa nan take, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, domin zai iya shaƙewa. Waɗanda zafi ya fi saurin kayarwa su ne jarirai, da dattawa, da masu juna biyu, da masu hawan jini ko ciwon suga, sai masu aikin ƙarfi a rana kamar ƴan dako, masu tura baro da ƴan kabu-kabu. Ku duba gefenku, duk suna cikin kasuwar nan.

To, me bishiya take yi? Na farko tana tare hasken rana kafin ya sauka a kan mutum da ƙasa. Na biyu, saiwarta tana jawo ruwa daga ƙasa, ganyenta yana sakin sa a iska kaɗan-kaɗan, kamar yadda randar ƙasa ke tsatsafo ta sanyaya ruwan cikinta. Shi ya sa inuwar bishiya ta fi ta rumfar kwano daɗin zama, domin kwano yana tare rana amma shi kansa garwashi ne a saman kanka. Na uku, tana rage ƙarfin iska, ganyenta yana kama wani kaso na ƙurar da ke shiga ido da hanci da ƙirji, ta sauka a kan abincin da ake sayarwa. Mai tumatir da mai nono da mai nama sun san bambancin kayan da ya yini a inuwa da wanda ya yini a rana, a aljihunsu suke ganin sa. Amma kada a ɗora wa bishiya abin da ba nata ba. Inuwa ba ta maye gurbin shan ruwa, kuma sanƙarau da ke zuwa lokacin ƙura da zafi, allurar rigakafi ce garkuwarsa.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Tun shekarar 1975 ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, ta zama ranar dashen itatuwa. A wannan shekarar ce kuma aka fara dasa layukan darbejiya a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, domin su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A nan yankin Maraɗi, cikin shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona ana rage masa rassa har ya zama bishiya, aikin da ya mayar da miliyoyin itatuwa gonakin kudancin Nijar, har wasu ƙasashe suka zo koyo. Idan manomi ya iya raya icce a dajin da babu famfo, bai kamata ɗan kasuwa ya kasa raya guda ɗaya a ƙofar rumfarsa ba.

Sai dai ku tambayi kanku: kowace damina ana dashe, ana ɗaukar hoto, ana tafi, to ina bishiyoyin? Da yawansu ba sa ganin damina ta biyu. Akuya ta cinye, mota ta take, rani ya busar, yara sun karye. Dalili ɗaya ne a ƙarƙashin waɗannan duka: an dasa ta ba a ba kowa amanarta ba. Dashe aikin safiya ɗaya ne, reno kuwa na shekara biyu zuwa uku ne. Saƙon da na zo da shi ke nan: kowace bishiyar da za a dasa a bakin titin kasuwa a san mai ita da sunansa, mutum ɗaya ko gida ɗaya, wanda za a tambaya idan ta yi yaushi.

Yanzu bari mu bi aikin daki-daki. Da farko wurin dashe. Kafin a sa diga a bakin titi a je ofishin magajin gari ko wajen hukumar kasuwa a nemi izini, a tambayi inda bututun ruwa da wayoyin ƙasa suka bi. A ɗaga kai a duba sama: kada a dasa bishiya mai tsawo a ƙarƙashin wayar lantarki. A ba bango da lambatu da rijiya tazarar aƙalla mita uku, tsakanin bishiya da ƴar'uwarta kuma mita shida zuwa takwas. A kauce wa kwanar titi, inda rassa za su rufe wa direba ido, a kuma bar hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga.

Na biyu, zaɓen iri. Magabata sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, wato ba kowane icce ne ke amfanar wanda ke gindinsa ba. Darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko bedi, asalinta daga ƙasar Indiya take, amma ta zama ƴar gida: tana jure fari, tana girma da sauri, tana ba da inuwa lokacin da ake matuƙar bukata. Maɗaci yana yin girma da kwarjini, ya dace da manyan tituna masu faɗi. Tsamiya tana da jinkirin girma, amma inuwarta mai kauri ce kuma tana daɗewa har jikoki. Mangwaro sai inda ruwa ya wadata. Ceɗiya da durumi inuwarsu babu kamarta a dandali ko ƙofar fada, amma saiwarsu tana fasa lambatu da gindin gini, don haka ba su dace da lungun kasuwa ba. Gawo abokin manomi ne, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero haske, wurinsa gona.

Na uku, dashen kansa. A jira damina ta zauna, cikin watan Yuli ko farkon Agusta. A haƙa rami mai zurfin rabin mita da faɗin rabin mita, a fitar da duwatsu da ɓaraguzan siminti da leda, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A yanke ledar da dashen ya zo a ciki a cire ta duka ba tare da an wargaza ƙasar da ke riƙe da saiwar ba. A zaunar da shi daidai zurfin da yake a cikin ledar, kada a binne wuyansa. A danna ƙasa, a yi ɗan gurbi kewaye da shi, a ba shi ruwa a ranar.

Na huɗu, kariya. Dashen da ba shi da shinge abincin akuya ne. A kewaye shi da ƙaya, ko kwando, ko ragar ƙarfe, ko tubalin da aka jera da tazara domin iska da haske su shiga, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum. Inda motoci da amalanke ke juyawa a kafa masa turke mai ƙarfi ta gefen titi.

Na biyar, ruwa, wanda a kansa yawancin dashe ke mutuwa. Daga ɗaukewar damina har zuwa faɗuwar wata, a ba ƙaramar bishiya kimanin jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako, a ƙara idan bazara ta yi tsanani, da sassafe ko da yamma. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta nutsa ƙasa. Ba sai an sayi ruwa na musamman ba: ruwan alwala, da na ɗaurayar ganye da hatsi, duk suna yi. Amma ban da ruwan da ke da baƙin mai, ko gishiri, ko sabulun wanki mai yawa, ko rini. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa domin laima ta daɗe, a bar ɗan fili tsakaninsu da jikin iccen saboda gara.

Nan wasu kan ce bishiya tana kawo sauro. Gaskiyar magana, a cikin ruwan da ya kwanta sauro ke yin ƙwai, kuma kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi ƙwan ya zama sauro mai tashi. Saboda haka ruwan da aka zuba a gindin bishiya ya kamata ya tsotse a yinin. Idan yana kwana, a sassaƙa ƙasar a rage ruwan. A share ganyen da ya zuba kada ya toshe lambatu, a tara shi ya zama taki, kada a ƙona. Gidan sauro kuma yana nan a matsayinsa kowane dare.

Sai kuma manyan bishiyoyin da muka gada, waɗanda wasu suka dasa muke sha. Su ma muna kashe su a hankali ba da niyya ba. Ana buga musu ƙusa a rataya kaya, ana ɗaure su da waya har ta nutse cikin jikinsu, ana ƙona shara a gindinsu, ana malale siminti har wuyansu ruwan sama ya rasa hanyar shiga. Maɗaci kuwa ɓawonsa ake ta saɓa domin magani. A ƙarƙashin ɓawon nan ne hanyar da abincin bishiya ke bi daga ganye zuwa saiwa take, idan aka zagaye jikin da sara an yanke hanyar ke nan, bishiyar za ta bushe a tsaye. Reshen da ya tsufa ko ya doshi wayar lantarki a kira ma'aikata su sare shi kafin iskar farkon damina, kada yaro ya hau da adda.

Tunda na ambaci magani, ina da gargaɗi ga iyaye mata. Kada a ba jariri ko ƙaramin yaro man darbejiya ya sha, yana iya jawo amai da jijjiga da suma. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa, idan zazzaɓin cizon sauro ne a ba shi cikakken magani. Jaririn da bai kai wata shida ba kuma, ko a tsananin zafi, nonon uwa ya ishe shi, a dai ƙara yawan ba shi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kowane layi na kasuwa, na ƴan hatsi da na ƴan atamfa da na mahauta, ya zauna da shugabansa kafin damina, a ƙidaya wuraren da za su ɗauki dashe, a rubuta sunan mai renon kowanne. Wanda fatauci ke kai shi Katsina ko Kano ya bar wa maƙwabcin rumfarsa amanar jarkar ruwa, kamar yadda yake bar masa amanar makulli. Bayan shekara a sake zama, a ƙidaya waɗanda suka rayu, a maye gurbin waɗanda suka mutu. Baƙinmu na tsallaken iyaka, ku kai wannan magana kasuwanninku, domin rana ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Wanda ya dasa darbejiya bana ya kula da ita, cikin ƴan shekaru kaɗan zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, abokin cinikinsa ya zauna ya huta, mai goyo ta sauke ɗanta ta shayar da shi. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.