Kafin ka yarda a sauke maka giyar Hilux

Yau gareji za mu shiga, kuma abin da ya jawo maganar motar yayana ce.

Yayana yana da Hilux Vigo mai giya otomatik, da ita yake ɗaukar kaya daga kasuwar Singa da Kantin Kwari zuwa ƙauyuka. Ita ce abincin gidansa. Rannan ya taso daga Fagge da lodi, kafin ya kai France Road mota ta ƙi sauya giya. Yana taka totur, inji na ihu, ita kuwa tana tafiya kamar an ɗaure mata ƙafa. Wani lokacin sai ta fizge da ƙarfi ta shiga, har kaya su motsa a baya.

Garejin farko da ya shiga, ogan ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, giya ta tafi, sai dai a nemo 'yar Beljiyam." Kuɗin da aka kira masa, wallahi sai ya taɓa jarinsa. Na ce masa, Yaya, dakata tukuna.

Abu na farko shi ne man giya. A otomatik, man ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, ƙarfin matsinsa ne yake kama kulocin da ke ciki har giya ta sauya. In ya yi ƙasa, za ta riƙa zamewa ko jinkirin shiga. Ana duba shi ne inji na aiki, mota ta yi zafi, a waje mai daidai. Ka taka birki, ka zaga da hannun giya kowane matsayi, ka dawo P, sannan ka zaro geji. Mai lafiyayye ja ne. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, kuloci ya fara cinyewa. In kuwa ya koma kamar shayi da madara, to ruwa ya shiga, galibi daga lagireto, don ta cikinsa man yake bi ya huce. Wannan kam kada ka ƙara tuƙa ta.

Ga inda 'yan uwa suke cutar kansu: duk jan mai a wurinsu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Toyota tana da T-IV, tana da WS, kuma kowace giya da nata. Ka duba jikin geji ko littafin motar. Hilux da ta fito daga 2015, mai giya shida, WS take sha, kuma ba ta da geji ma, ta ƙasa ake auna ta. A shagunan Sabon Gari da Ƙofar Ruwa akwai mai na gaske, akwai kuma wanda galan ne kawai na gaske. Ka sayi naka a wurin wanda in an samu matsala za ka iya komawa ka same shi.

Man Yaya dai ja ne, cike yake. Sai muka wuce wajen mai kwamfuta a Sabon Gari. Aka jona, ta fito da P0500, wato ƙwaƙwalwar motar ba ta samun labarin gudun da ake yi. To wanda bai san gudunka ba, ta yaya zai san lokacin sauya maka giya? Sai a nan Yaya ya tuna allurar gudu ta kwana biyu tana rawa, bai ɗauke shi komai ba. Yaron garejin ya kwanta ƙarƙashi, sai ga wayar sansa ta goge da ƙarfe har ta kusa tsinkewa. Aka gyara waya, aka share lambar, muka zaga Katsina Road, giya na shiga lau.

Ban ce kullum haka ake dacewa ba. In kwamfuta ta nuna P0750 ko P0755, solonoyid ake zargi, kuma kwanon ƙasa kawai ake kwancewa a kai gare shi. Amma in an kwance an tarar da ɓarɓashin ƙarfe ya cika kwanon, to magana ta girma, sai an sauke.

Wani abu da nake yawan gani a cunkoson Kwari: mutum yana ribas, mota ba ta tsaya ba ya wurga ta D. Ku daina, don Allah. Haka in ta mutu a hanya, kada a ɗaura igiya a ja ta nesa tayoyin baya na ƙasa, don in inji a kashe yake famfon mai ba ya aiki. A kwance farfela, ko a ɗora ta a kan mota.

Mako mai zuwa lagireto za mu taɓa, tun kafin zafin Afrilu ya kama mu. Sai mun haɗu.