Waya ta Uku a Madafi: Lacca kan Haɗa Murhun Gas da Wutar Lantarki

 

Murhun gas na zamani mai filogi, wanda ake murɗa makunni ya yi ƙas-ƙas-ƙas ya kama da kansa, yana cin abu biyu: gas da lantarki. Lantarkin da yake ja kaɗan ne, na fitar da tartsatsi kawai, shi ya sa ake raina shi. Amma wutar da ke shiga cikinsa ita ce dai ta sauran gidan, bolt 230, jikinsa kuma ƙarfe ne, mai girki kuwa hannunta a jiƙe yake, sau da yawa ba takalmi a ƙafarta.

Ku buɗe filogi mai ƙafa uku ku duba. Waya mai ruwan ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ta mayar da ita, mai kore da ɗorawa kuma ita ce atin. A tsofaffin gidaje za ku tarar da ja da baƙa da kore. Wannan ta ukun ba ta aikin komai sai ranar da zafi ya cinye robar wata waya, ko ɓera ya gaigaye ta, tsirarar waya ta taɓa jikin murhu. Ranar nan wuta za ta nemi hanyar sauka ƙasa. In akwai atin, ta bi ta can. In babu, jikin mutum ne hanyarta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi da wannan waya. Wani ya karye ƙafar filogi ta uku don ta shiga soket. Wani ya fere waya biyu, ya cusa a rami, ya tokare da tsinken ashana. Mafi muni shi ne soket mai rami uku, fes da shi a bango, a kwance shi a ga ba a ja masa atin ba sam. Ido ba ya gane wannan, sai an sa mita an gwada.

Sandar atin ma da ake kafawa a ƙasa ba ta wadatar ita kaɗai. A nan Arewa, idan rani ya yi nisa ƙasa ta bushe ƙamas, wuta ba ta samun sauƙin ratsa ta, har fiyus ya ƙi tsinkewa alhali jikin murhu na ɗauke da wuta. Don haka a sa na'urar RCD mai miliamfa 30 a akwatin wutar gida; da ta ji yoyon wuta take katse layi. Gidan da ke komawa kan janareta ko inbata kuma, a gwada kariyar a kan kowannensu.

Ga gargaɗin da nake so ya zauna muku: kada a taɓa mayar da bututun gas wayar atin. Haɗa bututun ƙarfe da atin ɗin gida daidai ne, ƙwararru na yi. Amma ɗora masa nauyin kwashe wutar da ta ɓalle, ganganci ne da rai.

Sai wurin soket. Kada ya zauna saman murhu inda harshen wuta da tururi ke kaiwa, kada kuma a ƙasa kusa da tukunyar gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, kuma kashi biyu kacal cikin ɗari na iskar ɗaki ya isa ya kama da ɗan tartsatsi. Wayar murhu kada ta shafi tiyo ko ƙarfe mai zafi. In kun ji warin gas, kada ku kunna makunnin lantarki, kada ma ku kashe. A rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Yoyon gas da ruwan kumfa ake nemansa, ba da ashana ba.

A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu aikin haɗa wuta ta ba su takardar shaida. Maigida, ka tambayi takardar kafin ka ba da aiki. Uwargida, duk ranar da murhu ya ɗan ja ki, ko yaya ne, ki zare filogi, kada a mayar sai mai gyara ya duba. Ku kuma abokan sana'a, don Allah kada ku karɓi kuɗin aiki sai kun gwada atin a gaban mai gida ya gani da idonsa.