HOTON FARKO A MAJIGI: JAWABI A TARON TSOFAFFIN ƊALIBAI, DOGARAWA

 

An umarce ni in yi bayani a kan majigi uku da ƙungiyarmu ta saya wa makaranta, da yake gyaran kayan lantarki ne sana'ata. Ga Malaminmu na lissafi can yana murmushi, don ya tuna irin makin da nake ci a wurinsa. Malam, a gafarce ni, yau ni ke riƙe da alli.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1939 Ingila ta kafa sashen fina-finai na ƙasashen da take mulka, motoci suna bin gari-gari suna haska farin ƙyalle da dare. Dattawa ba su manta da Baban Larai ba, fim ɗin noman auduga, amfanin gonar da aka daɗe ana bincike a kansa a Samaru, inda aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922.

Na zamani kuwa, da an kunna shi, kafin kwamfuta ta aiko masa da kome, akwai hoton da yake fara nunawa. Wannan hoto ya taɓa kunyata ni. Na sayi wani na hannu a kasuwa, ban gwada shi sosai ba saboda araha, na kai shi aikin haya wurin bikin ba da kyaututtuka. Ina kunnawa, sai ga tambarin wata makaranta ta ƙasar waje ɓaro-ɓaro a bango, a gaban iyayen yara. Na ji wani a baya ya ce, "Kayan sata ne." Na yi na yi in cire, ashe an kulle da lambar sirri. Kuɗina suka tafi, mutuncina ma da ƙyar ya tsira. Lallai araha ba ta ado.

Abin da ya ƙona ni shi nake so ya tsare kayanmu. Namu ƙirar Epson ne. Za a haska tambarin makaranta daga kwamfuta, a shiga jerin saituna a umarci majigin ya ɗauke shi ya adana, a zaɓe shi ya zama hoton farko, sannan a kulle da lamba huɗu. Kowa ya saci wannan majigi, sunanmu zai riƙa yi masa shela duk inda ya kunna.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na farko, in an adana sabon hoto, na kamfani ba ya dawowa, sai dai a ɗora wani a kai. Na biyu, a tayar da janareta kafin a fara, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar adanawa. Na uku, akwatin sarrafawa na babban ɗakin taro umarni kawai yake aikawa, bisa tsarin PJLink na Japan: POWR 1 ya kunna, POWR 0 ya kashe. Hoton yana cikin majigin ne, saboda haka kowanne sai an yi masa nasa. A kuma saita akwatin ya ɗan jinkirta bayan kunnawa, don majigin da bai gama ɗumi ba ba ya karɓar wani umarni.

Saura magana ɗaya. Na ji ana raɗe-raɗin a sa hoton wanda ya fi ba da gudummawa. Ina roƙon kada mu yi haka. A cikinmu akwai wanda ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa bai bari an sani ba. Tambarin makaranta ya isa, a rubuta a ƙasa: Kyautar Tsofaffin Ɗalibai. Lambar sirrin kuma a rufe ta cikin ambulan biyu, ɗaya wurin Shugaban makaranta, ɗaya wurin Sakatarenmu. Kada a bar ta a hannuna, don ɗan Adam yau yana nan, gobe babu.