Abin da na gani a gidan maƙwabtanmu Kirista: jawabi a taron iyaye na ƙungiya



An ce in yi magana a kan tarbiyyar yara. To ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, saboda haka abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, da rikici ya ɓarke a garin nan na Jos, na je kai kuɗin dankali sai hanya ta rufe. Wata mata Birom da nake sayen kayan gonarta ta shigar da ni ɗakin 'ya'yanta, na kwana biyu. Wanda ban manta ba shi ne ɗanta, yaron da bai wuce shekara goma ba. Da rana ta karkata sai ya kawo mini ruwa a kwano, ya durƙusa ya ce, "Malam, Mama ta ce lokacin sallarka ya yi." Wallahi sai da na yi hawaye. Daga baya uwar ta gaya mini cewa tun suna ƙanana take hana su korar almajiri daga ƙofar gida, kuma duk wanda ya wuce babba bai gaishe shi ba, ko na wane addini ne, ranar zai sha faɗa.

Irin wannan shuka tana tsiro, ko da an jima. Duk mun ji labarin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kirista 262 a masallaci da gidansa a watan Yuni 2018, har Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Amma mutane na mantawa da dalilin da ya bayar: shekaru da dama kafin nan, Kiristocin wurin ne suka bar Musulmi suka gina wannan masallaci.

Damuwata ita ce, tun 2001, sannan 2008 da 2010, unguwanni sun rabu. Mu mun yi ciniki kafaɗa da kafaɗa da su a kasuwar Taminus kafin ta ƙone a 2002. Yaron da aka haifa a Gangare ko Unguwar Rogo bayan haka, sau da yawa bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba. Abin da ya sani game da su shi ne abin da ya ji a bakinmu. Me yake ji? "Arna." Ni kaina kalmar ta sha suɓuce mini a gaban yarana, ba zan ɓoye ba.

A Islamiyya an karanta mana haƙƙin maƙwabci, kuma ba a ce sai Musulmi ba. Roƙona biyu ne: mu daina wannan kalma a gida, sannan idan za a kai naman layya ga tsoffin maƙwabta, a tafi da yaran su miƙa da hannunsu, su gaishe su.