Gatse a Bakin Mai Nasiha: Jawabi ga Sababbin Ɗalibai a Dubai



An nemi mu yi wa sababbin zuwa nasiha, mu kuwa muka ga gara mu tattauna a kan nasihar kanta, musamman wadda ake yi da gatse. Duk da ita aka raine mu. Yaro ya ɗauki wuƙa yana wasa, uwa ta dube shi ta ce, "Yawwa, ci gaba, ai ba ta yanka." Ko ɗan shekara huɗu ya san an ce ya ajiye ne. Gatsen ya ci saboda abu biyu: uwar ta yarda da hankalin ɗanta har ta bar masa ya juya maganar da kansa, shi kuma ya tabbata a ransa ba ta so ya yanke.

Turawa ma sun san wannan dabara. A 1882 marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya gabatar da jawabin nasiha ga matasa cikin muryar dattijo mai wa'azi sak. Ya hore su da bin iyaye muddin iyayen suna wurin, ya kuma ja musu kunne su yi hattara da ƙarya don kada a kama su tun ba su ƙware ba. Mai sauraro da kunnen basira zai gane cewa sandar a kan manya take sauka, masu hana yaro abin da su da shi suke cin abinci.

To, mu koma gida. Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara: na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. A jawabinsa ya roƙi matasa cikin raha da su jinkirta yaƙin neman zaɓensu sai bayan 2019. Aka yi dariya, da yawanmu ma mun yi. Amma a auna wannan raha da ma'aunin uwa da wuƙa. Sharaɗin gatse shi ne mai magana ya nufi kishiyar abin da ya faɗa. Shi kuwa tun a watan Afrilu ya riga ya bayyana cewa zai sake neman kujerar. Ashe babu abin juyawa a maganar, yadda aka faɗe ta haka ake nufinta, dariya ce kawai aka lulluɓa mata. Bayan shekara huɗu jam'iyyar APC ta sa kuɗin fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. An buɗe ƙofa, an ɗauke tsani.

Idan kuma ba'ar ta taso daga ƙasa ta nufi sama, labari yakan sauya. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. Ba mu ce duk abin da suka furta daidai ne ba, akwai tazara tsakanin zambo da ƙazafi, kuma marowaci ma yana da mutuncin da shari'a ke karewa, balle gwamna. Sai dai a ƙasar da maroƙa suka daɗe suna yi wa masu sarauta habaici a bainar jama'a, abin dubawa ne a ce babba yana da izinin yi wa yaro raha, yaro bai da izinin mayarwa.

Bari mu ɗan ratse, saboda waɗanda suka sauka a wannan zangon karatu. Dokar intanet ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana hukunta yi wa ƙasa ko hukumominta izgili, kuma cin mutuncin mutum a WhatsApp ma yana iya kai mai shi gaban alƙali. Wannan kam ba gatse muke yi ba.

Lokacin zaɓe na tafe, kuma 'yan siyasarmu ba baƙi ba ne a otal-otal ɗin wannan birni. Wasu za su gayyace mu shan shayi, su ce mana mu ne manyan gobe. Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce a karɓi gayyatar, a je da ladabi, a sha shayin, sa'an nan ɗayanmu ya miƙe ya tambayi mai girma baƙo ranar da goben za ta kama, don mu rubuta a kalandar ƙungiya.